Turmin Gwaggo Kande

Bari in fara da abin kunyata, tunda ko ban faɗa ba, akwai tsofaffi biyu ko uku a unguwarmu ta Hindawiyya, nan Makka, da har yau in sun hango ni sai sun yi tari da gangan. Ni ne mutumin da ya turara matarsa da barkono. Ba ƙage suka yi mini ba. Na haura talatin a lokacin, ina da gemu, ina da taksi, ina da 'ya'ya uku, amma na rufe ƙofa da taga, na zuba gari a kan garwashi ina jiran aljani ya fita. Wanda ya fita a guje ni ne, sai maƙwabtan sama da na ƙasa suka biyo ni.

Ba don ku yi dariya nake rubuta wannan ba, ko da yake ku yi, na halatta muku. Kai nake nufi, ɗana Abdurrahman. Ranar Sallar nan da ta wuce, da ƙanwarka ta tambayi wace ce tsohuwar da ke cikin hoton nan na falo, ka ce wata boka ce cikin dangi, Allah ya yafe mata. Ban ba ka amsa ba, don Larabcinka ya fi bakina sauri, kuma kai ka yi karatu, ni kuwa makarantar da na fi daɗewa a cikinta ita ce layin jiran fasinja. Bokon nan ma da nake rubutu da shi wani ɗalibi Bakano ne ya koya mini, ina kai shi darasi yana nuna mini baƙaƙe a bayan kwalin shayi. Da Hausa abin ya faru, da Hausa zan faɗe shi. Wanda bai iya karantawa ba ya nemi wanda ya iya.

Gwaggo Kande yayar babana ce. A can Gobir 'yar bori ce, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Ciwo ta yi tana budurwa, aka kai ta gidan wata tsohuwa aka girka ta, wato aka zaunar da ita kwana da kwanaki ana ba ta magani har ta san iskokin da ke kanta, su ma suka san ta. Ta yi rawa, ta faɗi, an yi magana da bakinta. Daga baya suka taho ta ƙasa ita da mijinta, shekaru suna hanya, shi ya rasu kafin su ga teku. Tsayuwarta ta farko a Arfa ta bar abin. Ta ce daga ranar ba garaya, ba hawa, ba yanka ga kowa sai Allah, ta tattara kayan borinta ta ƙone a wani kwari. Abu biyu ne suka ƙi ƙonewa: sanin itatuwa, da sanin yadda ake zama kusa da mara lafiya. Gyaɗa take soyawa ta sayar a bakin lungu, da ita take ci. Magani kuwa ko dabino ba ta karɓa a kansa. Alhazai 'yan garinsu ke kawo mata tazargade da kajiji da sassaƙen hano a ƙulle cikin tsumma, ta haɗa da ganyen magarya da ruwan zamzam. Mata ke zuwa, a hankali, ba a shela.

Tana da ƙa'ida guda, kuma a kanta duk labarin nan yake. Ita ba ta daka magani. Wanda ya kawo mara lafiya shi zai daka, da hannunsa, a cikin wani ɗan turmin ƙirya baƙi wuluk da ta goyo tun daga gida. Yana daka yana faɗin abin da yake so a bayyane, ita kuma ta juya fuska ga bango tana saurare. In bai yi mata ba, sai ta karɓi turmin ta juye a shara, ko da kuwa sassaƙen na ƙarshe ke nan a Makka. Ta ce haka tsohuwar da ta girka ta ta koya mata: ba a sarar itace sai an gaya masa dalili, ba a daka shi da fushi, ba a daka shi da ƙarya. Ta ce ta ga mata biyu da idonta, ganye ɗaya, waƙa ɗaya, kasko ɗaya, ɗaya ta tayar da mutum, ɗaya ta haukatar. Da ta zo nan ta ji malamai suna maganar niyya, sai ta ce ashe su ma sun sani.

Ni ke kai ta gidajen mutane da taksi, don haka na sha kallo. Na ga babban ɗan kasuwa mai shago uku ya naɗe hannun riga yana daka kamar amarya, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ga uwar miji an zubar mata da daka sau huɗu har ta yi kuka ta faɗi abin da ke ranta. Ni dai ina bakin ƙofa ina cin gyaɗar Gwaggo ina ƙunshe dariya. A ganina wasan tsofaffi ne. Na haddace komai: tazargade tafi ɗaya, kajiji kaɗan, hano kamar ɗan yatsa, garwashi uku. Har nakan ce wa abokaina in Gwaggo ta rasu ni zan gaje ta.

A shekarar da nake ba ku labari, Ummanku ta haifi 'ya mace, ta huɗu, wadda ba ku sani ba. Kwana huɗu ta yi a duniya. Muka kai ta da la'asar, washegari da sassafe na ɗauki makullin mota na fita. A zatona haka namiji ke yi. Kayan jaririyar kuwa na tattara na ba maƙwabciya don kada uwar ta riƙa gani tana tunawa, ban tambaye ta ba, kuma na yaba wa kaina wannan dabara. Ummanku, ku kun san ta da baki. Ita kaɗai ce a duniya ke ce mini Malam, kuma yadda take jan kalmar kowa ya san ba girmamawa ce zalla ba. To tsokanar ce ta fara tsayawa. Sai girki ya tsaya. Sai magana. Wannan duk daga baya na ji jerinsa a bakin maƙwabciya, wadda ita ke ciyar da ku wata da watanni. Ni ina fita kuna barci, in ci a hanya, in dawo in tarar an kwanta, in ce gida lafiya.

Kowace shekara, in lokacin Hajji ya matso, akwai wani mutum da ke ba mu aikin dafa wa alhazan ƙasarmu abinci a Arfa da Mina. Ba don kyawuna yake ba mu ba. Hannun Ummanku ne. Alhaji ya yi mako uku yana fama da burodi da wake, sai ya ga tuwo da miyar kuka a tanti, har addu'a yake yi wa mai girkin da sunanta. Ni aikina jigilar buhuna da ɗaga murya. Kwanakin nan kaɗan su ke riƙe gidanmu rabin shekara. Da mutumin ya aiko cewa mu shirya, na shigo gida da rana tsaka, abin da ban saba ba, ina kiran sunanta tun daga matakala. Tana zaune tana kallon taga. Na yi magana, ba ta waiwayo ba. Na kama hannunta, sai warwaron da ke wuyan hannun ya zame har gwiwar hannu.

Na kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce jiki lafiya, ya ba da ƙwaya, ya yi mini wasu tambayoyi da ban iya amsawa ba, kamar yaushe ta daina ci. Na kawo malami ya yi mata karatu kwana uku, tana zaune kamar an ajiye ta. Sai na tafi wurin Gwaggo, a raina ina cewa nan kam gida ne, ba za a sa ni daka ba.

Ta saurare ni har na gama, ta ce a ci gaba da ƙwayar likita, a ci gaba da karatun malam. Sannan ta tura mini turmin da ƙafa.

"Gwaggo, ni ne fa."

"Na gane ka. Daka."

Ta juya ga bango. Na kama taɓarya na shiga luguden gaggawa, ina cewa ina so matata ta warke, ina so uwar 'ya'yana ta samu lafiya. Ban yi minti biyu ba ta miƙo hannu ta karɓa ta juye a shara.

"Wanga daka na mai jiran fasinja ne. Mi kaka so, Idi?"

Na ce na faɗa. Ta ce in tafi in dawo gobe. Gobe na dawo na rage sauri, na ƙara wa muryata taushi, har da ɗan rawar murya da na gwada a mota kafin in shigo. Ta juye. Jibi na kawo mata lemo da sabon mayafi. Ta karɓi lemon, ta juye dakan. Zulƙida tana ƙarewa, mutumin yana aiko mini sau biyu a rana, ni kuma ina kallon tazargaden da zai tayar mini da mata yana tafiya shara.

Nan ne wayona ya motsa. Da ta shiga alwala na buɗe gwangwanin maganinta na ɗebi abin da na haddace, na cusa a aljihu. Na je gida bayan azahar, na kore ku waje, na ɗauko turmin kicin na daka da kaina, ba wanda ke saurare, ba wanda zai juye. Abin da ban sani ba, tunda rabona da kicin tun ina yaro, shi ne turmin nan na yaji ne. Shekara da shekaru barkono ke kwana a cikinsa. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na ajiye kasko a gabanta, na zuba. Sauran kun ji. Na fito a guje, matar sama tana zagina da Larabci, ta ƙasa da Hausa, wani yaro ya ruga yana cewa gobara.

Wurin da ba a ba da labarinsa shi ne da na koma ciki da jiƙaƙƙen tawul a hanci. Tana nan inda na bar ta. Hayaƙin da ya kori gida guda bai sa ta ɗaga ba. Idanunta sun yi ja, hawaye na zuba har wuyan riga, ƙirjinta na sama da ƙasa, amma ko hannu ba ta kai fuska ba. Na ciccibe ta na fito da ita, ba nauyi ko kaɗan. A nan na fara jin tsoro, kuma ina jin kunyar cewa sai a nan.

Kafin magariba labari ya kai Jidda. Washegari kawunku Haruna, yayanta, ya iso. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce hanya ta cushe yanzu, amma ranar da alhazai suka watse zai zo da mota ya tafi da ita, kuma in shirya masa takardar sakinta. Ya ce sun ba ni mutum mai dariya. Haruna ba mai yawan magana ba ne, abin da ya faɗa yana yi. Na lissafa, kwana goma da 'yan kai ne.

Na koma wurin Gwaggo ina jiran zagi. Ba ta yi maganar gwangwani ba, ba ta yi maganar barkono ba, ko da yake na ga gefen bakinta yana motsi. Ta turo turmin, ta juya. Na daka sau biyar ko shida. Sai na ji bakina yana cewa ina so ta tashi ta dafa tuwon Arfa. Ina so kada a ba wani aikin. Ina so Haruna ya ji kunya. Na faɗa duka, taɓarya na hannuna, ina kallon bayanta.

Sai ta juyo.

"Yau ka hwaɗi gaskiya," in ji ta. "Amma ba a yin magani da ita."

Ta juye wannan ma. Na ce to yaya zan yi, tunda ƙarya ba ta yi ba, gaskiya ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta iya canza wa mutum zuciya, ba ta taɓa iyawa ba ko lokacin da take da iskoki. Amma muddin tukunyar Arfa tana jira, duk dakan da na yi na tukunyar ne. In sauke ta, sannan mu ga abin da ya rage a raina. Ta ce mai yiwuwa ba abin da ya rage, in haka ne gara Haruna ya zo.

Na yi kwana biyu ina zagaya maganar. Akwai mafita, don zan iya ɗaukar wata mai girki in riƙe aikin, in bar Ummanku da maƙwabciya, in dawo bayan kwana biyar mu ci gaba da magani. Kowa ya ce haka zan yi, har liman. Mutumin ma ya yarda da haka. Na je har ƙofar ofishinsa da niyyar in ce to. Ban san abin da ya kama ni ba, na ce masa bana ba ni. Ya ce in na fita bana na fita ke nan, akwai goma a bayana. Na ce na sani. Na fito na zauna a mota, na kusa komawa sau uku. Kada ku ɗauka wani waliyyi ne ubanku.

Ku da kuka tashi a garin nan kun san yadda Makka take ranar Arfa. Duk duniya ta tafi fili ɗaya, unguwa ta koma ta kyanwoyi da tsofaffi. Tun ina ɗan shekara goma ban taɓa yin wannan rana a gida ba. Da hantsi na ɗauko Gwaggo da turminta, titi fayau, ba ko hon. Ta zauna a ɗakinmu, ta sa na zauna a gaban Ummanku, ta ce in daka. Ban shirya abin faɗa ba. Na daka a hankali, don ba inda za ni. Na ce ina so ta ci abinci ko cokali uku. Na ce ina so ta zage ni. Na ce ko Haruna zai tafi da ita, ya tafi da ita tana iya tsayawa da ƙafarta. Daga nan na ci gaba da daka.

Gwaggo ta miƙo hannu. Na zaci shara za ta. Ta ɗebi ɗan kaɗan da yatsu uku ta barbaɗa a garwashi, taga a buɗe, hayaƙin ma da kyar ake gani. Ta yi bisimilla, ta shafa wa Ummanku zamzam a goshi da tafin ƙafa. Sannan ta matsa har gwiwarsu ta haɗu, ta yi sallama da ladabi kamar mai shiga gidan manya, ta ce ko wane ne ke zaune tare da wannan baiwar Allah, ba faɗa aka zo yi ba, an zo tambaya ne. Sai ta sassauta murya.

"Ɗiyata, wane suna kika sa mata?"

Ni ban san akwai suna ba. Yarinyar ba ta kai bakwai ba, ba a yi suna ba, a wurina magana ta ƙare. Leɓen Ummanku ya motsa sau biyu kafin sauti ya fito, muryar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Nana."

Gwaggo ta maimaita sunan, ta sa ni na maimaita. Ta tambaye ta kamannin yarinyar, ta tambayi gashinta, ta tambayi ina kayanta. Da aka zo nan Ummanku ta juyo ta dube ni, karo na farko cikin watanni, kuma da ta ci gaba da kallon taga da ya fi mini sauƙi. Na sauka na buga ƙofar maƙwabciya. Allah ya saka wa matar nan, ashe ba ta taɓa ƙullin kayan ba, ta ce ta san za a zo nema. Ummanku ta rungume shi ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da muka kai yarinyar. Da la'asar, lokacin da alhazai ke can hannu a sama, ta sha kunu rabin kofi.

A hanyar mayar da Gwaggo na tambaye ta ko iska ce. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce da tana yarinya da ta faɗa mini sunan iskar da na ubanta, yanzu kuwa abin da ta sani shi ne iska da baƙin ciki ta ƙofa ɗaya suke shiga, kuma duk biyun sun san wanda ya zo don su da wanda ya zo don kansa. Na ce to tazargaden fa? Ta ce yana da ƙamshi.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Haruna ya zo kamar yadda ya ce, ya tarar da ita tana tsefe wa 'yar'uwarku Safiya kai. Ya tambaye ta a gabana ko za ta bi shi. Ta ce ba yanzu ba. Ba ta ce a'a ba, ku lura, kuma wannan "ba yanzu ba" ta riƙe ni a miƙe shekara talatin da ɗoriya. Aikin Arfa bai dawo ba. Wanda aka ba a madadina kun san gidan abincinsa, kuna ma zuwa ci, ina gani a wayoyinku. Ni na tsufa a taksi, ku kuka tashi a ɗaki biyu. In kuna neman wanda za ku ɗora wa wannan, ga ni, ba Gwaggo ba.

Abdurrahman, ban ce maka duk abin da ta yi a Gobir daidai ne ba. Ita ma ba ta ce ba, ta yi ta istigfari a kansa har ta koma ga Allah. Hukunci na masu karatu ne, ku je ku yi. Ni abin da na gani shi ne tsohuwa mai sayar da gyaɗa da ta gwammace ta zubar da maganin da ya ƙetaro teku a kan ta bar mutum ya yi wa kansa ƙarya a gaban mara lafiya. Na ɗauki malamai da yawa a motata, manya, masu daɗin karatu, na kuma amfana da su. Ban ga wanda ya tsare wannan ƙofa kamar ita ba.

Bayan kamar shekara, wata Juma'a, na ɗauki Ummanku mu biyu kawai muka fita shan iska ta hanyar Arfa. Fili ba kowa, tantuna a naɗe, iska na kaɗa leda. Ta dawo da ƙibarta da bakinta, tun daga gida take yi mini tsiya a kan tuƙina. Da muka zo daidai inda muke kafa tukwane ta ce in tsaya. Ta daɗe tana kallon wurin ta taga. Na ɗauka kewar aikin take, har na fara shirya abin da zan ce don ta san irin sadaukarwar da na yi. Ba ta juyo ba, kuma ba da faɗa ta faɗa ba.

"Malam, da a ce Hajji bai matso ba, da yaushe za ka lura ba ni da lafiya?"

Na tayar da mota. Mun yi shekara talatin da ɗaya tare bayan wannan rana, ba ta sake tambaya ba.